Yadda ake bin salsalar iyalan da suka fara zama a karkarar Amurka, daga gunduma zuwa gunduma

Tambaya: Ina nazarin tarihin Amurka, an kuma ba ni aikin bin asalin wani iyali na manoma da suka yi ta ƙaura tsakanin 1750 da 1850. Na same su a wata gunduma a Virginia, daga nan sai suka ɓace mini. Na ga mai irin sunan magidancin a Kentucky, amma ban san ko shi ne ba. Ta ina zan kama?

Amsa: Kafin ka ce sun ɓace, ɗan'uwa, fara tabbatar da cewa sun tashi ɗin. Sau da yawa mutum yana nan zaune a gonarsa, iyakar gunduma ce ta tashi ta bar shi. A mafi yawan jihohin Amurka, takardun cinikin fili, na rabon gado, na aure da na shari'a a kotun gunduma ake ajiye su, kuma suna zama a gundumar da ke da iko da wurin a ranar da aka rubuta su. Idan aka yanki sabuwar gunduma daga tsohuwa, tsofaffin littattafai ba sa bin sabuwar. Ka ɗauki wanda aka haifa a Dutse a 1985: a Jihar Kano aka haife shi, domin Jigawa sai 1991 aka ƙirƙiro ta. To a Virginia da Kentucky irin wannan yanka an yi ta yin sa ne kusan kowace 'yar shekara, saboda jama'a na ƙaruwa kuma kowa yana son kotu kusa da shi.

Zan yi maka bayani da iyalin Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, domin an bincike takardunsu sosai, kuma hanyar da suka bi ita ce dubban talakawan manoma suka bi.

Kakansu na farko a Amurka, Samuel Lincoln, ya baro Ingila a 1637 yana yaron masaƙi, ya zauna a Hingham ta Massachusetts. Jikansa Mordecai ya gangara kudu zuwa gundumar Monmouth a New Jersey, daga nan ya shiga Pennsylvania, ya rasu a 1736. Littattafai za su ce maka ya rasu a gundumar Berks. Amma Berks ba ta wanzu ba sai 1752, don haka wanda ke neman takardun gadonsa sai ya nufi Philadelphia, wadda wurin ke ƙarƙashinta a lokacin. Ɗansa John ya sayi eka 600 a bakin rafin Linville, cikin kwarin Shenandoah na Virginia, a 1768. A shekarar wurin gundumar Augusta ne, sai a 1778 ya koma Rockingham. Ɗan John, wato Abraham kakan shugaban, ya ƙetare duwatsu zuwa Kentucky a farkon shekarun 1780, alhali Kentucky ɗin ma yankin Virginia ce, ba ta zama jiha ba sai 1792. An kashe shi a gonarsa a gundumar Jefferson a watan Mayu na 1786, cikin rikicin da ake yi da 'yan asalin ƙasar waɗanda baƙi ke mamaye musu wuraren zama da farauta. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma wani yanki na gundumar Nelson, wanda a 1792 ya zama Washington. Shi kansa shugaban an haife shi ranar 12 ga Fabrairu, 1809, a gundumar Hardin, amma gonar yau tana LaRue, wadda aka yanka a 1843. Mahaifinsa Thomas ya kai su Indiana a ƙarshen 1816, suka sauka a gundumar Perry, kafin shekara biyu wurin ya zama Spencer. Ka ƙirga: sau biyar ke nan sunan gunduma ya canza a kan filin da iyalin nan suka zauna, ba tare da filin ya motsa ba.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka ja layi uku a takarda: shekara, ainihin wurin da gonar take, da gundumar da ke mulkinsa a wannan shekarar. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago yana da taswirar iyakokin gundumomi ta tarihi a intanet, kyauta, za ka zaɓi jiha da rana ta nuna maka iyakar lokacin. Ainihin wuri kuwa da ruwa ake gane shi. Mutanen wancan zamani sukan bayyana mazauninsu da cewa suna bakin rafi kaza, kuma haka takardunsu ke faɗa. Riƙe sunan rafin da kyau, shi ne ba ya canzawa da dokar majalisa.

Sannan ka san hanyoyin, domin mutane ba su watsu barkatai ba. Jamusawa da 'yan arewacin Ayalan masu asalin Sikotlan da suka sauka a Philadelphia sun bi babbar hanyar keken doki ta Lancaster da York, suka gangara kwarin Shenandoah, wasu suka zarce har Carolina ta Arewa. Masu zuwa Kentucky ko dai su bi ta mashigar Cumberland, kan hanyar da Daniel Boone da mutanensa suka share a 1775, ko su sauko ta kogin Ohio a cikin kwalekwale mai faɗi daga wajen Pittsburgh. Idan iyalinka sun bar kwarin Shenandoah, duba gundumomin da ke kan waɗannan hanyoyi tukuna. Da yawa sukan yada zango na shekara ɗaya ko biyu a kudu maso yammacin Virginia, su yi noma, su haihu, su wuce, kuma ɗan da aka haifa a zangon shi ne yakan rikita lissafi.

Kada ka ɓata lokaci wajen neman takardar haihuwa. Garuruwan Massachusetts da maƙwabtansu sun rubuta haihuwa da mutuwa tun ƙarni na 17, amma Virginia ba ta fara ba sai 1853, Kentucky kuwa rajistar ba ta zauna da gindinta ba sai 1911. Ga manomin 1790, fili da haraji su ne shaidarka.

Maganar fili tana buƙatar a tsaya a kanta, domin nan ne amsar takan fito, nan ne kuma aka fi yin kuskure. A Virginia, har da Kentucky, mallakar sabon fili tana da matakai huɗu. Mutum ya sayi takardar izini ta eka kaza daga hukuma, ko a ba shi ita ladan aikin soja. Ya je wurin safiyon gunduma ya rubuta cewa ga inda yake so. Safiyo ya fita ya auna ya zana. A ƙarshe gwamna ya sa hannu a takardar mallaka. Kowane mataki yana da takardarsa, kuma ana iya sayar da haƙƙin a kowane mataki, a rubuta sunan mai saye a bayan takardar. Wannan ya sa sunan da ke kan izini sau da yawa ba shi ne ke kan takardar mallaka ba, kuma samun sunan mutum a kan fili a Kentucky bai nuna ya taɓa taka Kentucky ba. Attajiran gabas da yawa sun mallaki dubban eka a can ba su taɓa gani ba. Wannan shi ne abu na farko da za ka gwada a kan mutumin da ka gani.

Awon kansa da alamomin ƙasa ake yi. A fara daga wata bishiya da aka sassaƙe wa alama, a nufi kusurwa kaza tsawon sanda kaza zuwa wani dutse, a bi rafi, a bi iyakar maƙwabci, a dawo inda aka fara. Sandar awo ƙafa 16 da rabi ce, kusan mita 5, sarƙar safiyo kuma sanda huɗu ce, ƙafa 66. Bishiya tana mutuwa, rafi yana canza hanya, safiyo biyu suna auna wuri ɗaya ga mutum biyu, har filaye suka riƙa hawa kan juna. Thomas Lincoln ya ɗanɗani wannan sau uku. Ya sayi eka 238 a rafin Mill a 1803, da ya zo sayarwa a 1814 sai eka 200 aka amince masa. Gonar da aka haifi ɗansa ta shiga shari'a, ta rafin Knob da ya koma a 1811 ita ma aka shigar da ƙarar a tashe shi. Shugaban da kansa ya rubuta a 1860 cewa barinsu Kentucky yana da nasaba da bauta, amma babban dalili shi ne rikicin takardun fili. Ga mai bincike wannan masifa alheri ce, domin shari'ar fili tana tara shaidu, tsofaffi su zo su rantse su faɗi shekarar da suka iso, da wa suka zo, wane ɗan wane ne. Fayil ɗin shari'a ɗaya yakan ba ka abin da littattafai goma ba su ba ka ba. Nemi ƙunshin takardun ƙarar gaba ɗaya, kada ka tsaya a littafin da aka rubuta hukunci kawai.

Da ka ƙetare kogin Ohio zuwa Indiana ko Illinois, tsarin ya canza. Dokar 1785 ta sa gwamnatin tarayya ta auna ƙasar tun kafin a sayar, aka yanka ta murabba'i mai mil 6 kowane gefe, kowane murabba'i kashi 36, kowane kashi eka 640. Thomas ya je ofishin fili na Vincennes a 1817 ya yi rajistar rubu'in kashi, eka 160, a kan dala 2 kowace eka, biya a hankali, daga baya ya samu takardar mallakar eka 80 a 1827. Waɗannan takardun mallaka suna shafin hukumar kula da filaye ta tarayya, kuma da lambar kashi za ka iya ɗora gonar a taswirar yau daidai. Ka tuna sayen farko ne kawai ke wurin tarayya, duk cinikin da ya biyo baya yana kotun gunduma.

Littafin haraji shi ne ƙidayar da ake yi duk shekara. Virginia ta fara rubuta harajin fili da na dukiya a 1782, Kentucky ta ci gaba da irinsa, ana rubuta sunan magidanci, yawan maza baligai a gidansa, dawakai, bayi, eka nawa da rafin da take. Kada ka duba shekara ɗaya. Jera shekara goma sha biyar a jere ka karanta. Saurayi yana bayyana da sunansa idan ya kai 21 ko ya kafa gidansa, wanda zai ba ka ƙiyasin haihuwarsa. Idan suna ya ɓace, shekara ta gaba kuma ka ga mace mai sunan gidan tana biyan haraji a kan wannan filin da wannan dokin, ko ka ga an rubuta magadan wane, mutuwa ce. Idan suna ya ɓace tare da na surukai da maƙwabta uku ko huɗu a shekara ɗaya, ƙaura ce. Gwajin da ya shafe ka kai tsaye: idan mutumin Virginia yana biyan harajin kansa a 1788, mai irin sunansa kuma yana biyan nasa a Kentucky a 1788 da 1787, mutum biyu ne.

Ƙidayar tarayya tana da amfani amma ba kamar yadda sababbin masu bincike ke zato ba. Daga 1790 zuwa 1840 sunan magidanci kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida sai adadi bisa jinsi da rukunin shekaru. Na Virginia da Kentucky na 1790 da 1800 ma kusan duk sun salwanta. Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum a gida, ban da bayi, da shekarunsa da jihar da aka haife shi, kuma a nan ne za ka karanta ƙaura a jikin 'ya'ya: babba haifaffen Virginia, na tsakiya Kentucky, auta Indiana, ka ga kusan shekarar kowace tafiya. A 1880 aka ƙara dangantakar kowa da magidanci da jihar haihuwar iyayensa. Ta 1890 gobara ta lalata ta a Washington a 1921. Shi ya sa ake farawa daga 1850 a koma baya, ba a farawa daga tsohon kaka a gangaro.

Suna shi ne babban tarko. Iyalan nan suna maimaita sunaye har ka gaji. A gidan Lincoln akwai Abraham da aka haifa a 1736, wanda ya zauna a Pennsylvania ya auri Anne Boone, 'yar baffan Daniel Boone, akwai kuma ɗan wansa Abraham na 1744, kakan shugaban. Shekara takwas ce tsakaninsu, kuma wanda bai lura ba zai haɗe su mutum ɗaya. Idan magatakarda ya rubuta babba da ƙarami a bayan suna, ba lalle uba da ɗa ba ne, yana bambanta masu suna ɗaya ne a gundumarsa, kuma in babban ya mutu ƙaramin yakan gaji laƙabin. Rubutun suna ma yadda kunnen magatakarda ya ji ne, an rubuta Lincoln a matsayin Linkhorn a takardun fili na Kentucky. Bambanta mutane da abin da ba ya rikicewa: sunan mata, rafin da gona take, yawan eka, sana'a, da ko yana sa hannu ko alama yake yi. Ga kwanan wata kafin 1752 kuma ka kula, sabuwar shekara a ƙasashen Ingila 25 ga Maris take farawa, don haka Fabrairun 1735 a tsohuwar takarda Fabrairun 1736 ne a lissafinmu.

Mata sun fi wuyar bi, domin suna ɗaukar sunan miji, amma doka ta bar musu sawu. Mace tana da haƙƙin cin moriyar sulusin filin mijinta in ya mutu, don haka idan zai sayar sai an kira ta gefe an tambaye ta ko ta yarda, a rubuta sunanta. Takardar lamunin aure kuma tana ɗauke da sunan wanda ya tsaya wa ango, yawanci uban amarya ko wanta ko waliyyinta. Ta Thomas Lincoln da Nancy Hanks, mahaifiyar shugaban, ta watan Yunin 1806, Richard Berry ne ya sa hannu a matsayin waliyyi. An daɗe ana nemanta a Hardin inda suka zauna ba a samu ba, har masu ƙage suka ce ba a yi auren ba, ashe tana gundumar Washington, inda amarya take. Nemi aure a gundumar amarya. Ka kuma yi hattara da mata ta biyu. Nancy ta rasu a 1818 da ciwon da ake ɗauka daga madarar saniyar da ta ci wani tsiro mai dafi, Thomas ya koma Kentucky ya auri Sarah Bush Johnston a 1819. A 1860 magatakardan kotun Hardin, mutumin da littattafan ke hannunsa, ya rikita mahaifiyar Lincoln, sai da shi Lincoln ya rubuta masa ya gyara. In ka ga tazarar shekara huɗu ko biyar tsakanin 'ya'ya, ka yi zargin an yi mutuwa da sabon aure.

Rashin ganin sunan ɗa a gado ba ya cire shi daga gida. Kakan shugaban ya mutu ba wasiyya a 1786, a lokacin kuma dokar Virginia babban ɗa take ba fili gaba ɗaya, sabuwar dokar raba wa kowa ba ta fara aiki ba sai farkon 1787. Babban wan Thomas, shi ma Mordecai sunansa, ya gaje filin, Thomas ya tashi ba komai. Watanni kaɗan ne suka raba shi da rabo. Haka ma mai wasiyya yakan tsallake ɗan da ya riga ya ba gona lokacin aurensa.

Ba wanda ya yi wannan tafiya shi kaɗai. Dangin Nancy, su Sparrow da Dennis Hanks, sun bi su Indiana a 1817. John Hanks ya riga su zuwa gundumar Macon a Illinois, suka bi shi a Maris na 1830 su goma sha uku, har da mazajen 'ya'yan Sarah mata, kafin Thomas ya ƙare a gundumar Coles inda ya rasu a 1851. Don haka ka rubuta sunan duk wanda ya yi shaida a cinikin filin mutuminka, duk wanda gonarsa ke iyaka da tasa, duk wanda ya sayi tukunya ko saniya a gwanjon kayan mamacin gidan. Idan sunan da kake bi na kowa da kowa ne, bi maƙwabci mai baƙon suna. Samun gida huɗu na rafi ɗaya a Virginia sun sake zama kusa da juna a Kentucky hujja ce mai ƙarfi.

Littattafan coci suna taimakawa, domin mai ƙaura yakan karɓi wasiƙar sallama ya kai wa sabuwar majami'a. Thomas da wasiƙa daga cocinsa na Kentucky ya shiga cocin Baptis na Little Pigeon a 1823. Mabiya ɗariƙar Quaker sun fi kowa tsari a wannan, suna rubuta inda mutum ya fito da inda ya nufa. Idan kuma mutuminka ya yi yaƙin neman 'yanci na 1775 zuwa 1783 ya kuma rayu har 1832, duba takardun fansho. Dokar shekarar ta haɗa da mayaƙan sa-kai da suka yi aƙalla wata shida, kuma kotu takan tambayi tsohon inda aka haife shi da duk inda ya zauna tun bayan yaƙi. Ƙaurar shekara hamsin ce daga bakin mai ita.

Za ka ci karo da gundumar da takardunta suka ƙone. Na Rockingham da yawa sun ƙone a 1864 lokacin yaƙin basasa, wasu gundumomin Virginia kuma sun kai nasu Richmond ajiya, gobarar Afrilun 1865 ta cinye. Kada ka tsaya nan. Kwafin littafin haraji da takardun mallakar fili na farko suna hannun jiha, yau suna ɗakin karatu na Virginia a Richmond, kuma mutane sukan sake kawo takardunsu na gida a rubuta bayan gobara, don haka cinikin 1795 yana iya kasancewa a littafin 1870. FamilySearch, ƙungiyar binciken salsala mai shafi a intanet, ta ɗauki hoton littattafan kotuna masu yawa, da dama ba a yi musu fihirisa ba, sai ka buɗe shafi bayan shafi.

Idan iyalin suna da bayi, ka rubuta su su ma, da sunayensu. Ƙidayar 1850 da 1860 ba ta rubuta sunan bawa ba, sai irin su shekaru da jinsi da launin fata, sai 1870 mafi yawan baƙaƙen fata suka shiga da sunansu. Wasiyya da lissafin kayan gado da takardun ciniki su ne kusan kaɗai wurin da sunayen suke, kuma zuriyarsu suna nema.

Labarin baka ka karɓe shi da daraja, amma ka auna. Lincoln ya san an kashe kakansa a gona, gaskiya ne, amma ya ce wajen 1784 ne, takardun kotu suka nuna 1786. Yawanci abin da ya faru daidai ne, shekara da wuri ne ke zamewa. Bishiyoyin salsala da mutane ke ɗorawa a intanet kuwa, in ba takarda a ƙarƙashinsu, kwafe ne daga kwafe. Gwajin DNA na layin uba zai iya nuna maka cewa zuriyar mutumin Virginia da ta mutumin Kentucky gida ɗaya ne, amma ba zai raba wa da ƙane ko ɗan baffa ba.

Abin da kake nema a ƙarshe shi ne takarda ɗaya da ta ambaci wuraren biyu tare, kuma galibi a tsohuwar gunduma take, ba a sabuwa ba. Mutane kan tafi su bar gona ba a sayar ba, ko uba ya mutu bayan sun tafi. Sai ka ga a littafin cinikin fili na Virginia an rubuta wane da matarsa wance, na gundumar kaza a Kentucky, sun sayar da eka kaza a rafi kaza, ko sun wakilta wani ya karɓar musu rabon gado. Don haka buɗe fihirisar masu sayarwa ta tsohuwar gundumar, da ta duk gundumar da aka yanka daga cikinta, ka karanta har shekara ashirin ko talatin bayan ɓacewar sunan, ka duba sunan mutumin, na 'yan'uwansa, da na mazan 'yan'uwansa mata. In eka da rafi da sunan matar sun yi daidai da na mutuminka, ka haɗa su. In ba ka samu irin wannan takarda ba, rubuta hujjojin da ka tara ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi wanne ke goyon baya, wanne ke saɓawa, ka kira sakamakon abin da ya fi rinjaye, ba tabbas ba.